Tsohuwar Hilux ɗina da ranar da gari ya rikice

Ɗan yayata ne ya jawo maganar, wata Asabar muna zaune a garejin bakanikena da ke Dilimi, cikin Jos, ana canza mini baƙin mai. Yana karatu a Jami'ar Jos, kuma waya ba ta barin hannunsa. Ya ce, "Kawu, da a ce duniya za ta rikice gaba ɗaya, babu wuta, babu gidan mai, babu hukuma, wace mota za ka zaɓa?" Sai ya miƙo mini wayar, na ga hotunan wasu dirka-dirkan motoci masu sulke, tayoyinsu kamar na tarakta, waɗanda Turawa ke kira motocin ƙarshen duniya.

Na ce masa ranar tashin alƙiyama ta gaskiya babu motar da za ta fitar da kowa, ranar nan aikin mutum shi ne abin hawansa. Amma in ƙaramar alƙiyama yake nufi, irin wadda za a wayi gari lafiya, kafin azahar hayaƙi ya rufe sama, to ɗan Jos ba ya bukatar Bature ya zana masa ita. Mun ganta a 2001, mun ganta a 2008, mun sake ganinta a 2010. Na nuna masa motar da ke kan rami bakanike yana ƙarƙashinta, na ce, "Ga amsarka nan." Bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin fentinta ya koɗe, ƙofar baya sai an ɗaga ta kaɗan kafin ta rufu. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na sani game da ita, mai daɗi da mara daɗi, don shi da duk wanda ke da irin tambayarsa.

Motar Toyota Hilux ce ƙirar 1995, mai ƙofa huɗu da bodi a baya, wadda masu kayan gyara ke kira LN106. Injinta na gas ne, wato dizal, samfurin 3L, mai silinda huɗu, girmansa lita 2.8, babu turbo mai ƙara wa inji iska, babu kwamfuta. Giya biyar ce ta hannu, sannan akwai ƙaramin sandan okzilari a gefe, wanda ke sa tayoyi huɗun duka su ja. Gaba da baya duk sifirin ne na faranti, a kan aksul ɗin da bai rabu ba. Na saye ta a farkon 2007 a gwanjon wata ƙungiyar aikin gona da ta kammala aikinta a Filato. Sana'ata dankalin Turawa da kabeji da karas ce: ina ɗaukowa daga ƙauyukan Bokkos da Mangu, in kawo kasuwar Farin Gada da ke Jos, wani lokaci in wuce da kaya Abuja. Don haka ban taɓa lallaɓa ta ba. Ta ci taɓon damina, ta ci ƙurar hunturu, ta ci lodin da ya wuce ƙa'ida.

Kafin ita, motar gidanmu Fijo 504 ce a-kori-kura ta Baba, Allah ya jiƙansa. Haɗin Kaduna ce, daga kamfanin da ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri a 1975. Da ita na koyi tuƙi, kuma har gobe in na ji ƙarar irinta sai na waiga. Ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001, da rikici ya ɓarke a Jos, tana fake a bakin titi inda Baba ya saba ajiye ta in zai shiga kasuwa. Da ƙafa ya dawo gida, ta lunguna, takalmi ɗaya a hannu. Bayan kwana shida muka je muka tarar da ƙarfe kawai, wili huɗu a zaune a ƙasa. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka mota laya ce. A sa'o'in farko na tashin hankali ƙafa ta fi kowace mota, kuma wanda ya tsaya ceton mota yana iya rasa abin da ya fi ta. Amfanin mota yana zuwa ne daga baya, lokacin da aka sassauta dokar hana fita, abinci ya ƙare a gida, tsofaffi da yara suna bukatar a fitar da su.

Haka ta kasance a ƙarshen Nuwamban 2008, bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. Motar tana cikin gida, na rufe ta da tamfol. Iyalin maƙwabcinmu, wani malamin makaranta mutumin Pankshin, sun kwana biyu a ɗakin maiɗakina, matarsa da 'ya'ya uku. Da aka ɗan buɗe hanya na fara kai su inda sojoji suka kafa sansani, na dawo na kwashi namu zuwa Tilden Fulani wurin dangin mahaifiyata. Mutum 19 ne a tafiyar, in aka haɗa da jarirai biyu. Inna da matan da ke goyo suna ciki, sauran suna bodi a kan katifu da buhun masara. Titin Bauchi ya cika da shingaye da gawar motocin da aka ƙona, kuma an ce mana akwai wurin da bai kamata mu bi ba. Wani dattijo da ke cikinmu, wanda ya yi kiwo a yankin yana yaro, ya ce, "Alhaji, karya dama, akwai burtali ta bayan Babale." Na sauka na murɗa makullan da ke tsakiyar wilin gaba don tayoyin gaba su ja, na ja okzilari zuwa ƙaramar giya, muka shiga. Duwatsu ne irin na Filato, ga kwazazzabo, ga wani rafi da ya ƙafe sai yashi mai zurfi. Motar tana tafiya kamar saniya, a hankali, tana gurnani, amma ko sau ɗaya ba ta tsaya ba. Tafiyar da a kwalta ba ta kai rabin awa ba ta ci mana kusan awa uku. Da muka hango rufin kwanon garin, Inna ta dafa kafaɗata ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ya yi wa motar nan albarka." Tun ranar ban sake kallonta a matsayin kayan aiki kawai ba.

Abin da ya cece mu ranar, bayan ikon Allah, shi ne tankin yana cike. Na sha mai ranar Laraba saboda ina shirin tafiya Bokkos. Babu gidan mai ko ɗaya da ya buɗe a kwanakin nan. Daga lokacin na kafa wa kaina doka: allurar mai ba ta sauka ƙasa da rabi, kuma akwai jarka biyu masu lita 25 a ɗakin ajiya, ina juya su duk bayan 'yan watanni. Tankinta yana shan lita 60 da 'yan kai, kuma in babu lodi mai nauyi lita ɗaya tana kai ni kusan kilomita 10. Da tanki da jarkunan nan zan je Kano in dawo ban leƙa gidan mai ba. Gas kuma ya fi fetur jure ajiya. Fetur in ya daɗe a jarka ƙarfinsa yana tashi, ga haɗarin gobara a gida mai yara, shi kuwa gas ko ashana ka jefa masa ba ya kamawa nan take.

Babban dalilin da ya sa na zaɓe ta a kan motocin hotunan ɗan yayata yana ƙarƙashin bonet. Famfon da ke tura mai cikin injin nan na ƙarfe ne zalla, juyawar injin ce ke sarrafa shi. Waya ɗaya tak ke shiga jikinsa, wadda ke buɗe hanyar mai in ka murɗa makulli. Babu fulogin wuta, babu kwayil, babu akwatin ƙwaƙwalwa. In batir ya yi sanyi har ya kasa juya kik, matuƙar akwai ɗan abin da zai buɗe wayar nan, mutum huɗu su tura, ka sa giya ta biyu, ka saki kuloci, ta tashi. Jos kuwa Allah ya hore mana gangara, don haka a ƙauye kullum hancinta yana kallon ƙasa in na faka. Da zarar ta tashi, ba ta neman komai sai mai da iska.

Surukina yana zaune a Gwarimpa, Abuja, yana da jif ta zamani, irin wadda ba a sa mata makulli sai a danna maɓalli. Mota ce mai daɗi ƙwarai, na shige ta zuwa Kaduna na yi barci kamar a gado. Ya zo mana biki da ita, ranar komawa ta kunna wata fitila a gaban sitiyari ta ƙi wuce gudun keke. Bakanikena ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yallaɓai, wannan sai mai na'ura." Aka kira mai na'ura, ya jona kwamfutarsa ya ce wani ɗan abu ne mai auna iska ya mutu, girmansa bai kai kwalin ashana ba. Babu shi a Dilimi, babu shi a Bukuru. Kwana tara motar ta yi a ƙofar gidana kafin a aiko da shi daga Legas. Wannan fa ana zaman lafiya ne, waya tana aiki, banki yana aiki, motocin haya suna zirga-zirga. Ranar da babu ko ɗaya daga cikin ukun nan, motar ta zama ɗaki mai taya. Tawa kuwa, daga Dilimi har Mangu, har Saminaka, har Akwanga, babu garin da ba za ka sami wanda ya taɓa kwance irin injinta a ƙarƙashin bishiyar mangwaro ba. An daɗe ana sa dangin injin nan a bas ɗin Hiace da ke jigila a kowace tasha, shi ya sa kayansa na Beljiyam suke ko'ina.

Akwai kuma maganar abin da za ta iya sha in gas ya ɓace. A baje kolin duniya da aka yi a Faris a 1900 an tayar da injin dizal da man gyaɗa, kuma tsofaffin injuna masu famfon ƙarfe har yanzu suna iya ƙona man girki in an tace shi an sirka da gas. Ni sau ɗaya na gwada wani abu makamancin haka, lokacin yajin aikin Janairun 2012 da aka yi kan janye tallafin mai, ina wani ƙauye bayan Bokkos da lodin dankali, allura ta kwanta. Na sami kananzir lita 10, na zuba masa ɗan baƙin mai sabo don kada famfo ya bushe, na juye a tanki. Ta kawo ni gida. Ba abin yi ba ne kullum, yana cin famfo da nozul, kuma man gyaɗa a sanyin Jos daskarewa zai yi a bututu. Amma sanin cewa akwai wannan ƙofar yana kwantar mini da hankali. Injin zamani da ke auna mai da kwamfuta ba ya yafe irin wannan. Waɗanda suka sha gurɓataccen fetur ɗin da aka shigo da shi ƙasar nan a Fabrairun 2022, mai yawan sinadarin methanol, sun san yadda mai mara kyau ke kwantar da mota.

Ɗan yayata ya ce ai ya taɓa ganin wani shirin motoci na BBC da aka jefa tsohuwar Hilux a teku, aka cinna mata wuta, aka ɗora ta kan dogon bene aka rushe shi da nakiya, kuma ta tashi. Haka ne, a 2003 aka yi, kuma mai injin gas ce. Amma ni abin da ya fi zama hujja a wurina ya faru ne kusa da mu. A 1987 sojojin Chadi a zamanin Hissène Habré sun fatattaki sojojin Libiya masu tankokin yaƙi daga Fada da Wadi Dum, a kan a-kori-kurar Toyota, har aka riƙa kiran yaƙin da sunan motar. Hamada ce babu kwalta, babu gareji, babu gidan mai. Motar da ta yi wannan ba za ta ji tsoron hanyar Daffo da damina ba.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan suna da ta yi shi ne babban aibinta. Duk wanda ke riƙe da bindiga a ƙasar nan, na hukuma da na daji, Hilux yake so. A shingen bincike ana tsayar da ni fiye da mai Golf ko Sharon, a buɗe bodi, a soka buhu, a tambayi takardu. Daga nesa kuma, musamman da magariba, mutanen ƙauye suna iya ɗaukar ta motar jami'an tsaro, wasu su gudu, wasu su yi shirin da ba ka so. Ranar da doka ta kau gaba ɗaya, mai Hilux shi ne na farko da za a tare don a ƙwace. Abin da na yi shi ne na bar ta da kamannin motar dankali. Ban sake fenti ba, ban sa baƙin gilashi ba, ban ɗora mata ƙarfen gaba ko fitilun sama ba, kuma kullum akwai tsofaffin buhuna da igiya a baya. Motocin sulken da ke wayar yaron nan kuwa shela suke yi cewa akwai abin ɗauka a ciki.

Na biyu, ba ta da gudu ko kaɗan. Ƙarfin injin bai wuce doki 90 ba, motar kuma nauyi gare ta. In na taso daga Abuja da lodin taki na iso Hawan Kibo, giya ta biyu nake sawa in haƙura, ƙananan motoci suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya. A shimfiɗaɗɗiyar kwalta in ta kai 100 ta fara kuka. Wanda ke tunanin zai tsere wa masu bin sa a guje, ya nemi wata motar. Wannan ta bin inda wasu ba za su iya bi ba ce.

A Hawan Kibon nan ne ma ta taɓa ba ni wahala mafi girma, a 2014. Kwana biyu kafin tafiyar an canza mini tiyon lagireto a wani gareji da ba nawa na kullum ba, yaron da ya ɗaura bai matse zoben da kyau ba. Ina tsakiyar hawa ruwa ya zube, kafin idona ya kai kan allurar zafi ta riga ta haye ja. Kan injin ya tsage. Irin wannan injin yana jure komai amma ban da zafi, kuma duk mai shirin sayen irinta ya riƙe wannan. Aka ja ni zuwa Jos, bakanikena ya zaga Dilimi ya samo kan inji na Beljiyam da yamma, washegari aka ɗaura da sabon gaskit, rana ta uku ina Mangu. Tun daga nan kowace safiya sai na buɗe lagireto da hannuna na duba, kuma ban yarda a cire mini abin da ke daidaita zafin ruwa ba, duk da yawancin bakanikai suna cewa a ƙasar zafi ba shi da amfani. Ɗaya abin da ba a wasa da shi shi ne bel ɗin tamin, mai daidaita motsin bawul da fistin. Na roba ne, kuma in ya tsinke injin yana tafiya, fistin zai daki bawul, aiki ya zama babba. Duk kilomita 100,000 ake so a canza, ni ba na bari ya kai, kuma akwai sabo guda a naɗe a bayan kujera.

Sai sanyi. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, kuma a Disamba da Janairu injin gas ba ya son tashi da asuba. Sai ka murɗa makulli ka jira fitilar hita ta mutu, wani lokaci sau biyu, sannan ta tashi da farin hayaƙi tana kakkarwa. In fulogin hita biyu suka mutu a cikin huɗu, ranar sai an dafa ruwa an zuba a kan injin. Mai shirin gudun dare da hunturu ya tabbata waɗannan fulogan da batir suna da lafiya.

Zama a cikinta kuma ba hutu ba ne. In babu kaya a baya, kowane rami sai ka ji shi a ƙugu, kuma kujerar baya a miƙe take kamar bencin makarantar allo. Maiɗakina ta ce tafiya Kano a cikinta sai da ruwan zafi da man zafi a daren. Da lodin buhu 10 sai ta yi laushi. Babu na'urar sanyi, babu jakar iska ta kariya, birkin baya na ganga ne, don haka da ruwan sama sai an ba da tazara sosai.

Kuɗin gas shi ne abin da ya kusa raba ni da ita. A farkon 2022 lita ba ta kai naira 300 ba, kafin tsakiyar shekarar ta doshi 800, daga baya ta haura 1,000. A 2022 ɗin fetur yana da tallafi, abokan sana'ata masu motar fetur suna ta ce mini in sayar. Da aka cire tallafin ranar 29 ga Mayun 2023 tazarar ta ragu, maganar ta mutu. Abin da na lura kuma shi ne a duk wahalar man da aka yi, har da ta Oktoban 2022 da ambaliya ta yanke hanyar Lokoja tankoki suka maƙale, layin fetur ne ke kai wa kilomita. Famfon gas yawanci babu kowa, in dai da kuɗinka. Sai dai a kula da inda ake sha. Wani gidan mai a hanya ya taɓa ba ni gas mai ruwa, Allah ya taimaka akwai ɗan kofin da ke tare ruwa a ƙasan filta, fitilarsa ta kama, na tsaya na zubar.

Ruwa ma ta shiga. A Yulin 2012, cikin azumi, ruwan sama ya yi ambaliya da dare ya ci gidaje da rayuka a Rikkos da Gangare. Da gari ya waye muna cikin masu kwashe mutane da abin da ya saura na kayansu. Taɓo har gwiwa, ƙananan motoci ko kusa ba su zo ba, ita kuwa tana shiga tana fita har la'asar. Rashin fulogin wuta yana taimaka mata a jiƙe, amma kada wannan ya ruɗi kowa: in ruwa ya kai bakin da take shaƙar iska, injin gas nan take yake lalacewa. Iyakata ita ce saman taya, kuma sai na sa an taka ruwan da sanda kafin in shiga.

Bakanikena, da ya fito daga ƙarƙashin motar yana goge hannu, ya sa baki ya ce shi Land Cruiser a-kori-kura zai ɗauka, mai injin 1HZ, silinda shida, lita 4.2. Ban musa masa ba. Ta fi tawa ƙarfi, ta fi ta ɗaukar kaya, kuma ita ma famfonta na ƙarfe ne. Amma ta fi shan mai, kuɗinta ya fi ƙarfin ɗan kasuwar dankali, kuma idon masu bindiga ya fi kanta. Wani mai faci da ke gefe ya ce babur Boxer ya fi duka, tunda lita kaɗan ke kai shi nesa kuma yana bin hanyar ƙafa. Gaskiya ne, kuma da ni kaɗai ne da na yi tunani. Amma babur ba zai ɗauki Inna da jarirai biyu da buhun masara ba. Sannan shi ne abu na farko da hukuma ke hanawa in an shiga matsala. A Jos an hana acaɓa tun 2012, kuma a 2021 a Zamfara da Katsina an taƙaita hawan babur, an hana sayar da mai a jarka, an kuma katse layukan waya a wurare da dama. Wannan na ƙarshen ya sa nake gaya wa yara su san hanya da ka, su san sunan ƙauyuka da inda rafi yake, domin taswirar waya tana iya ɗaukewa ranar da aka fi bukatarta.

Motar lantarki kuwa ɗan yayata ne ya kawo ta, ya ce rana kyauta ce, a sa faranti a yi caji. Tunani ne mai kyau, kuma wataƙila jikokina su gan shi. Amma a Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako a duhu da manyan layukan wuta suka lalace, kuma farantin da ke kan rufin gidana fitila da firji kawai yake iya riƙewa. In wani abu ya taɓu a batirinta, babu mai taɓa shi a Dilimi.

Ga wanda ya ji wannan ya ce zai nema, kada ya duba fenti. Ya shiga ƙarƙashi da tocila ya ƙwanƙwasa shasi, musamman wajen da sifirin baya ke kamawa, domin tsatsa a nan take ɓuya. Ya je da sassafe ya ga tashinta a sanyi, kada ya yarda a ɗumama ta kafin ya iso. Ya buɗe murfin lagireto injin yana aiki, in ya ga kumfa tana tasowa to kan injin ya taɓu. Ya sa okzilari a kan burji ya tabbata tayoyin gaba suna ja, don da yawa an cire musu sandan gaba an bar sandan giyar don ado. Ya kuma leƙa famfon mai ya ƙirga wayoyin da ke shiga, domin akwai irin injin nan na baya da aka sa wa kwamfuta, kuma kama da wane ba ta wane. Tayoyi ya sa masu tsayin gefe waɗanda kowane mai faci zai iya sa wa tib.

Abin da ke bayan kujerata a yau: bel ɗin tamin da fanbel, filtar mai biyu, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, jak da katakon da za a ɗora shi a yashi, sifana daga 8 zuwa 19, igiyar ja, shebur, famfon taya na ƙafa, galan ɗin ruwa. Safaya biyu nake ɗauka in zan shiga ƙauye. Akwai kuma tsohon keken Baba, Raleigh, wanda na gyara na rataye a ɗakin ajiya kusa da jarkunan, an riga an auna inda zai kwanta a bodi. Ranar da gas ya ƙare ƙarƙaf, shi zai je neman labari da magani.

Kafin mu bar garejin ranar, na miƙa wa ɗan yayata makullin na ce ya fitar da ita daga kan ramin. Bai taɓa tuƙa mota mai kuloci ba, ta mutu masa sau uku. Yanzu duk Lahadi da yamma muna fita filin da ke hanyar Lamingo, shi da babbar 'yata, ina koya musu tashi a kan hawa, da murɗa makullan wilin gaba, da yadda ake fitar da iska daga famfo in mai ya ƙare. A 2008 ni kaɗai ne na iya tuƙa ta a gidanmu, kuma na sha tunanin yadda za ta kasance da a ce ranar ta same ni a Bokkos. Makon jiya yarinyar ta tayar da ita da turi, ƙannenta uku suna turawa, ta kai ta har bakin titi ta juyo.